Ƙadangaruwa Ta Hau Dutse

Duk wanda ya tashi a garin Kaduna da wuya ka raba shi da son mota. Ba abin mamaki ba ne kuwa, domin garin ya daɗe da sanin ƙarfe. Tun daga shekarar 1975, lokacin da aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, yaran unguwanninmu suka tashi suna ganin sababbin motoci na fitowa jere-jere ana kai su sassan ƙasar nan. Fijo muke ce mata, kuma idan aka ce Fijo aka yi shiru, to 504 ake nufi. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya, ita ce ta kai amarya, ita ce kuma mai kai mara lafiya asibiti cikin dare. Turawan Faransa ne suka fito da ita a 1968, amma a nan Afirka ta yi suna, saboda doguwar ƙafa gare ta da sifirin mai haƙuri. Hasali ma a 1975 ita ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu.

To amma zamani riga ne. Bayan da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai ido ya koma kan tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Cikin 'yan Kwatanon nan ne aka riƙa samun wasu irin motoci waɗanda da gani ka san ba don hanyoyinmu aka ƙera su ba: ƙofa biyu, dogon hanci, gajeren rufi, ciki dab da ƙasa. A kan ɗaya daga cikinsu muke so mu ba mai karatu labari, da yadda muka hau tsaunin Filato da ita a tsakiyar damina.

Motar ta wani ƙaninmu ce a nan Unguwar Mu'azu. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma layi ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci, don haka Yaya yake kiranmu, mu kuma ba mu da wani suna da muke kiransa da shi sai ƙane. Walda yake yi a kasuwar Panteka. Shekara shida yana zubin adashi, bai sayi agogo ba, bai canza keke ba, sai a farkon 2007 muka wayi gari da wata jar mota 'yar ƙasar Japan a ƙofar gidansu. Dama can gajeriya ce, amma bai gamsu ba sai da ya sa aka rage mata sifirin na ƙafafun nan huɗu, ya sauya mata tayoyi masu faɗi marasa kauri, sannan ya ƙera mata wani leɓe da hannunsa ya liƙa a ƙarƙashin bambar gaba. Da muka ari rula wajen wani ɗan firamare muka auna, tsakanin cikinta da ƙasa santimita 10 ne cif. Kafin mako ya zagayo yaran layi sun raɗa mata suna Ƙadangaruwa.

Kada mai karatu ya ɗauka masu yi wa mota haka ba su da hujja. Suna da ita. Idan nauyin mota ya matso kusa da ƙasa, ba ta yin tangaɗi a kwana, tayoyinta kan manne da kwalta, iska kuma ba ta samun wurin shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta idan gudu ya yi gudu. Shi ya sa duk motocin tsere na kan kwalta gajeru ne. Sai dai wannan hujja tana da sharaɗi guda, wato hanya ta zamanto sumul kamar faranti. A layinmu kuwa, inda kowace damina ke sake zana taswirar kwata, fitar da Ƙadangaruwa zuwa bakin titi kaɗai aiki ne na mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na tsugune yana leƙen ƙarƙashi.

Mahaifin yaron ya so a ce fili ya saya da kuɗin, ko kuwa akori-kura da za ta riƙa kawo na cefane. Tun ranar da motar ta zo bai ce masa uffan a kanta ba, kuma idan zai fita masallaci sai ya kewaye ta kamar wanda ya ga kududdufi. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Motar ta zame wa gidan ƙadangaren bakin tulu: a sayar a yi asara, a bari kuma uba da ɗa ba sa haɗa ido.

Akwai mutum ɗaya tak da ƙanin namu yake so ya ga motar nan, shi ne Baba maƙwabcinmu na da. Mutumin Filato ne, Birom, Kirista, ya yi aiki shekara da shekaru a kamfanin Kakuri har ya yi ritaya. A ƙofar gidansa muka fara sanin sifana da jak, kuma shi ya fara ɗora hannun ƙaninmu a kan ƙarfe tun yana ɗan shekara tara. Da Kirsimeti matarsa kan aiko mana da shinkafa, da Sallah iyayenmu mata su aika da tuwo da nama. Da rikicin watan Fabrairu na 2000 ya ɓarke, iyayenmu ne suka raka shi da iyalinsa cikin dare har inda suka tsira. Bayan ƙura ta lafa garin Kaduna ya rabu, kowa ya tattara ya koma inda nasa suka fi yawa, shi kuwa Baba ya sayar da gidan ya koma ƙauyensu a wajejen Vom. A Satumban 2001 Jos ma ta kama da wuta. Daga nan sai zumunci ya koma saƙon baki, saƙon bakin ma ya zo ya yanke.

A watan Agusta na 2007 'yarsa ta samo lambar wayar ɗayanmu ta kira. Ta ce jikin Baba ya yi rauni, yana ta rufe masa ido, kuma kullum sai ya ambaci yaran Unguwar Mu'azu. A daren nan majalisarmu ta rabu biyu. Wasu suka ce mu je tasha mu hau motar haya, cikin awa huɗu ko biyar muna Jos. Wasu suka ce mu bar tafiyar ma baki ɗaya, domin hanyar ta ratsa garuruwan da ba namu ba, kuma wanda zai bi ta yana bukatar motar da idan ta ɓaci za ta iya gudu. Wani dattijo, tsohon direban tirela, ya dubi motar ya dube mu ya ce, “Samari, marka ake yi fa. Wannan abar ko tabarma ta taka sai ta yi tuntuɓe.” Ƙaninmu bai yi musu da kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Yaya, wanda ya koya mini riƙe sifana bai ga abin da sifanar ta saya ba.” Mu biyu muka ce za mu raka shi.

Hanyoyin zuwa Jos daga Kaduna ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ta bi ta Pambeguwa da Saminaka, akwai kuma ta kudu wadda ta bi ta Kachia. Ko a ta kudun ma, mai sauri kan yanke ta Manchok ya haura Vom kai tsaye. Mu kuwa da gangan muka zaɓi mafi tsawo, wato mu gangara Kafanchan, mu faɗa babban titin Akwanga, mu hau ta Hawan Kibo. Dalili shi ne a duk faɗin yankin nan babu inda ke da kwanar da za ta nuna abin da aka ƙera motar dominsa kamar wannan hawa, kuma mai ita ya daɗe yana mafarkinsa.

Mun yi wa tafiyar shiri irin wanda ya dace da ita. Kowane kilo da aka ɗora wa irin wannan mota ƙara kusanta ta da ƙasa yake yi, saboda haka kowa jaka ɗaya ya ɗauka, tsarabar Baba kuma ba ta wuce turmin atamfa na Mama da kilishi da kwalbar zuma ba. Muka ɗauki safaya da jak da waya ta ɗaure salansa, da galan na ruwa, da gajerun katakai guda biyu. Ranar Asabar bayan sallar asuba muka ɗau hanya, muka bi ta Kakuri da Sabon Tasha, muka wuce matatar mai wadda aka buɗe a 1980, gari na wayewa muna Kujama.

Daga nan darasi ya fara. Kusan kowane ƙauye da ke bakin hanyar nan ya gina wa kansa tudun rage gudu, wani da siminti, wani da jar ƙasa, wani ma guntun icce aka gicciya, domin masu gudu sun sha kashe musu yara da awaki. Motar haya kan haye su ba tare da fasinja ya farka daga gyangyaɗi ba. Mu kuwa a kowane tudu sai mu biyu mun sauka, shi kuma ya karkata sitiyari ya haye a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, mu muna tsugune muna faɗin “zo, zo, tsaya, ƙara kaɗan.” Mun ƙirga har talatin, daga nan muka bar ƙirga. Ramukan da ruwa ya cika kuwa su ne abin tsoro, domin ba ka san zurfinsu ba, ga shi bututun da injin ke shaƙar iska ta nan yana ƙasa-ƙasa, idan ya zuƙi ruwa injin ya tashi daga aiki ke nan. Dabarar ita ce a bar wata mota ta shiga gaba, a lura da inda tayarta ta nutse da inda ba ta nutse ba.

Abin da ba mu zata ba shi ne, wannan sauka da hawa ya mai da mu matafiya a ƙasa. Mutumin da ya sauka daga mota a tsakiyar gari dole ya yi sallama, wanda aka yi wa sallama kuma dole ya amsa. A Kasuwan Magani masu shayi suka taso suna kallo, wani ya tambaya ko a haka aka haife ta ko ciwo ta yi. A Kufana yara suka bi mu da gudu, kuma a karo na farko a tarihin mota, yaran suka riga ta isa ƙarshen gari. A Kachia, garin citta, wata mai sayar da masara ta ce idan mun dawo mu sayar mata da ita ta riƙa shanya citta a kan rufin, tunda ba sai ta yi miƙa ba. Duk inda muka tsaya dariya ce ke fara tarbarmu, kuma wanda ya yi maka dariya ya tambaye ka inda za ka, da wuya ka ci gaba da jin tsoronsa. Garuruwan da a majalisa aka ce kada mu kuskura mu tsaya, babu wanda ba mu taka da ƙafarmu ba.

Tsakanin Kachia da Zonkwa muka tarar ruwan daren jiya ya cinye wata kwalbati, motoci sun buɗe wata hanya ta gefe cikin taɓo. Manyan motoci sun haƙa rami biyu da tayoyinsu, sun bar tudu a tsakiya kamar kunyar dawa. Muka shimfiɗa katakanmu, ƙaninmu ya ɗora tayoyin gefe ɗaya a kan tudun yana lallaɓawa, har ya ci rabi. Sai ƙasar ta zame. Muka ji wata ƙara daga ƙarƙashi, motar ta zauna daram a kan cikinta, tayoyi na juyawa a banza, salansa kuma ta ɓalle tana ruri kamar babur ɗin da ya fashe.

Muna tsaye cikin taɓo har idon sawu, yayyafi na sauka, sai ga wasu samari sun ɓullo daga cikin masara, su kusan goma, kowa da fartanya ko adda a kafaɗa. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, gabanmu ya faɗi. Duk labaran da muka sha ji a majalisa suka dawo mana a lokaci guda, ga mu da huluna da 'yar shara, ba mai tambayar daga inda muka fito, ga motar da ko taku ɗaya ba za ta iya ba. Wani dattijo da ke bayansu ya matso, ya zagaya motar, ya sunkuya ya leƙa, ya ɗago ya ce da Hausarsa tangaram, “Sannunku, 'ya'yana. Wa ya aike ku da wannan?”

Muka ce, “Baba, dubiya za mu. Wanda ya rene mu ne ba shi da lafiya a Vom.”

Ya ce, “Ɗan'uwanku ne?”

Muka ce, “Maƙwabcinmu ne. Rikici ya raba mu.”

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya juya ya yi wa samarin magana da yarensu. Nan take fartanyun nan da muka ji tsoro suka shiga sare tudun da ke ƙarƙashin motar. Wasu suka saro ganye suka shimfiɗa, sauran suka kama ta gaba da baya, da mu da su, aka ce “ɗaya, biyu,” sai ga Ƙadangaruwa a sama kamar jinka. Da muka miƙa musu ɗan abin goro dattijon ya ture hannunmu ya ce mu ƙara a kuɗin maganin mara lafiya. Abin da ya roƙa kawai shi ne a bar ƙaramin jikansa ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari, aka kuwa bar shi.

Da waya muka ɗaure salansar muka lallaɓa har Kafanchan bayan la'asar, duwatsun Kagoro na tsaye a gefe sun yi rawani da gajimare. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya, domin tun 1927 nan ne mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya haura Jos. Muka sami wani mai walda a bakin hanya, da giciye a wuyansa. Ƙaninmu ya gaishe shi ya ce ko zai ara masa wuta ya yi da kansa. Mutumin ya tsaya yana kallon yadda yake jan ɗinkin ƙarfe, da ya gama ya ce, “A ina ka koya?” Ya ce Panteka. Mutumin ya ce, “Shi ya sa. Ɗan sana'a ba ya biyan ɗan sana'a, kawo kuɗin waya kawai.” A garin muka kwana, domin Hawan Kibo ba wurin da ake tunkara da duhu ba ne.

Washegari muka bi ta Gidan Waya muka faɗa titin Akwanga zuwa Jos. A gindin hawan muka ɗan tsaya a Assop, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, a wannan lokaci na marka kuwa ƙararsa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka duba ruwan lagireto da baƙin mai, muka ƙara matse notocin taya. Garin Kaduna yana kan tudun da ya kai wajen mita 600 daga doron teku, Jos kuwa wajen mita 1,200, kuma a nan Hawan Kibo ne matafiyi ke biyan babban kason wannan bambanci cikin 'yar gajeruwar tafiya.

Wanda bai taɓa bin wurin ba, gani ya kori ji. Hanya ce ta naɗe jikin dutse, hagu dutse dama rami, can kuma dama dutse hagu rami. Ga gingimari da tankoki suna nishi a giya ta ɗaya, hayaƙi baƙi ƙirin, karen mota na biye a ƙasa da waigi a hannu ko da za ta ja da baya. Idan ka leƙa ƙasa sai ka hango ƙarafan motocin da birki ya ci amanarsu, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Wurin ya ci rayuka da yawa, kuma duk direban da ya san shi ba ya wasa da shi.

A nan ne fa Ƙadangaruwa ta nuna ko ita wace ce. Kwaltar wurin a lokacin tana da kyau, babu tudu babu rami. Ƙaninmu bai wuce giya ta uku ba, bai kuma tsallake layi ya wuce kowa a kwana ba, amma yadda motar ke shiga kwana ta fita sai ka ce a kan dogo take. Ba tangaɗi, ba kukan taya, ba wanda ya jingina da ɗan'uwansa. Abin da ya wahalar da mu jiya wuni guda, shi ne yau ya riƙe mu a kan hanya. Kunnuwanmu suka toshe suka buɗe, hazo ya rufe mu har sai da muka kunna fitila, sanyi ya fara shigowa ta taga. Injin ya ɗan rage kuzari, domin iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, amma allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Muka saci kallon mai tuƙi. Bai ce komai ba, sai dai shekara shida na adashi duk suna kan fuskarsa.

Da muka ƙare hawan sai duniya ta buɗe. Fili shimfiɗe kore shar, shanu na kiwo, gonakin acca da dankalin Turawa an kewaye su da shingen ƙerana, mata a bakin hanya da tiren kabeji da karas. Muka wuce duwatsun Riyom waɗanda ke ɗore a kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Nan da can kuma ga kududdufai masu zurfi, ragowar haƙar kuzar da Turawa suka soma tun farkon ƙarni na 20. Saboda kuzar nan ne aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya isa Jos a 1914, aka kuma rufe shi a 1957. Kafin zuwansa a ka ake ɗaukar kuza ana gangarawa da ita. Da muka tuna haka sai muka ga wahalarmu ta jiya ba ta kai a kira ta wahala ba.

Hanyar da ta shiga ƙauyen su Baba ta jar ƙasa ce, irin mai tudu a tsakiya, don haka muka bar motar a harabar wata makarantar firamare muka ƙarasa a ƙafa. Mun same shi a zaune a rana da bargo. Tun kafin mu gama sallama ya kira mu ɗaya bayan ɗaya da sunayen da yake tsokanarmu da su muna yara. Mama ta fito ta rungume mu tana kuka tana tambayar iyayenmu mata, wa ke raye, wa ya rasu. Bayan an ci an sha aka ba shi labarin motar, sai ya ce a miƙo masa sandarsa. Aka ce da nisa. Ya ce ai mu mun fi shi yin nisa.

Ƙaninmu ne ya riƙe hannunsa har makarantar. Tunda ido ba ya gani, da hannu ya duba ta. Ya shafa rufin, ya shafa boneti, ya durƙusa da ƙyar ya zura hannu bayan taya ya taɓa sifirin, sannan ya ce, “Wa ya yanke mata ƙafa?”

“Ni na sa, Baba.”

Ya bi leɓen nan na gaba da yatsa tun daga wannan gefe har wancan, ya lalubi ɗinkin salansa na jiya. Ya daɗe a nan. Can ya ce, “Wannan ɗinkin fa?”

“Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Hannunka ya nuna.” Sa'an nan ya yi dariya ya ƙara da cewa, “Mu a Kakuri mun yi mota don hanya. Kai ka yi mota, sai ka jira a yi mata hanya. Amma tunda ta kawo mini ku, ba ni da ta cewa.” Ya sa aka tayar da injin ya saurara, ya ce a duba fulogi na uku. Da muka dawo Kaduna aka duba, haka ne kuwa.

Da yamma ya sa jikansa ya kai mu bayan gari ya nuna mana wani ɗan rafi da yaro zai iya tsallakewa. A wannan yanki na Vom ne kogin Kaduna ya samo asali, kafin ya yi tafiyar wajen kilomita 550 ya faɗa Kwara. Da muka dawo muka ce mun gani, sai Baba ya ce, “To, shekara bakwai kullum ina aiko muku da gaisuwa ta wannan ruwa. Ba ta isa ba?” Ba wanda ya iya ba shi amsa a cikinmu.

Da za mu tafi ya riƙe hannun ƙaninmu ya ce, “Saukar ta fi hawan haɗari. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Ka bar injin ya riƙe motar. Idan ka kwanta a kan birki zai yi zafi, in ya yi zafi kuwa za ka taka ka ji ba kowa a gida.” Haka aka yi. A giya ta biyu muka gangaro, muna jin ƙaurin birkin wata tanka da ke gabanmu, muka ba ta tazara mai yawa har muka sauka lafiya. Da muka iso Unguwar Mu'azu mahaifin yaron na zaune a ƙofar gida. Ya tambayi jikin Baba, ya tambayi Mama, ya karɓi kwandon dankalin da aka aiko masa. Da zai tashi zuwa masallaci bai kewaye motar ba, ya dafa rufinta ya gyara takalminsa ya wuce.

Baba ya rasu a 2012. Motar ma an daɗe da sayar da ita, kuɗinta ya shiga lefe. Hanyar kuwa ta ga abubuwa a bayanmu. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya yi ɓarna mai yawa a Zonkwa da Kafanchan, Kasuwan Magani ta sha nata a Oktoban 2018, daga baya kuma masu satar mutane suka addabi yankin Kajuru. Duk lokacin da muka ji sunan ɗaya daga cikin garuruwan nan a rediyo, ba suna kawai muke ji ba. Mai masarar Kachia muke gani, da mai waldan Kafanchan, da samarin nan masu fartanya, da yaron da ya riƙe sitiyari, wanda yanzu ya isa magidanci.

A yau duk wanda Allah Ya hore wa, doguwar mota yake nema mai baƙin gilashi, wadda za ta haye rami bai ji ba, ta ratsa gari bai ga kowa ba. Ba mu ga laifinsa ba, domin tsoro ba ƙarya ba ne. Sai dai mun lura cewa mai irin wannan mota bai san halin da hanya take ciki ba, balle halin mutanen da ke bakinta, kuma sau da yawa irinsu ne ke da ikon gyara duka biyun. Mu dai santimita goman nan ba su ɓoye mana komai ba. Sun nuna mana kowane rami, sun kuma tilasta mana sauka mu gaisa da mutanen da aka ce mu guje su. Ba muna cewa kowa ya je ya yanke wa motarsa ƙafa ba ne. Abin da muke cewa shi ne, wanda ke da wani Baba a bayan dutse, kada ya jira sai hanya ta gyaru ko sai ya sami motar da ta dace. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, ba su kuwa ce sai doguwa ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai kowane matafiyi gida.